Sharhi Kan Ƙwaƙwalwar Hoto A Kwamfuta: Wadda Aka Mallaka Da Wadda Aka Aro

Tun daga shekarar 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a bisa kwamfuta gaba ɗaya, sha'anin wannan na'ura ya daina zama na mutanen manyan birane kaɗai, har ya zamana a garuruwan yammacin Zamfara, kamar Anka da Gummi da Bukkuyum, samari da dama sun ɗauke ta hanyar neman abinci, wannan yana cike wa ɗalibai fom, wancan yana tsara katin ɗaurin aure da fastar 'yan takara, wani kuma yana tace bidiyon biki ko na wa'azi. Galibin kwamfutocin da ke hannunsu an riga an more su a Turai ko Amurka, suka shigo ta Ikko, suka hauro Kano, sa'an nan suka ƙaraso Gusau ko Sakkwato, inda mai bukata yakan je ya yi ciniki. A wurin cinikin nan kuwa akwai tambaya guda da ba ta faɗuwa, wato "girafik ɗinta nawa ne?", mai shago kuma ya amsa da cewa giga huɗu ne, ko takwas, har ya buɗe allon ya nuna wa mai saye lambar da idonsa. Sai an koma gida, an ɗora mata aiki, a tarar tana maƙalewa, alhali wata ta maƙwabci wadda aka ce giga biyu kacal gare ta tana tafiya sumul. Daga nan zargi yakan taso, mai saye ya ce an cuce shi, mai sayarwa ya rantse bai faɗi sai abin da na'urar ta nuna ba, kuma sau da yawa kowannensu yana da gaskiya gwargwadon saninsa, domin mas'alar tana da asali da ya ɓuya gare su duka biyu.

Ta'arifin kalmomi

A cikin kowace kwamfuta akwai babban masarrafi, wanda masu gyara ke kira furosesa, shi ne mai zartar da umarni da lissafi iri-iri. Akwai kuma masarrafin hoto, wanda a kasuwa ake ce wa girafik, aikinsa shi ne ya ƙididdige launin kowane ɗigo da zai bayyana a allo. Wani yakan zo a gine cikin furosesa, jiki ɗaya, wani kuma yakan zo daban, a matsayin kati da ake sokawa cikin kwamfutar tebur ko guntu da aka lika a allon laftof.

Ƙwaƙwalwa kuwa, a wannan babi, ba ita ce ma'adanar da ake ajiye fayiloli a cikinta ba, wadda ke riƙe abu ko an kashe wuta. Ana nufin wurin da na'ura ke shimfiɗa abin da take aiki a kansa a halin yanzu, wanda ke gogewa da zarar wuta ta ɗauke. Ita ce ram a bakin jama'a. Iri biyu ne suka shafe mu: ƙwaƙwalwar gama-gari, wadda furosesa da dukan manhajoji suke tarayya a cikinta, da ƙwaƙwalwar hoto, wadda aka keɓe wa masarrafin hoto shi kaɗai. Ana auna yawan kowacce da megabait da gigabait, gigabait ɗaya kuwa megabait dubu ne da 'yan kai. Sai dai akwai ma'auni na biyu wanda ba a ambatarsa a kasuwa, ga shi kuwa shi ne ginshiƙin maganar, wato faɗin hanya, ma'ana yawan gigabait ɗin da za su iya wucewa tsakanin ƙwaƙwalwa da masarrafi a cikin sakan ɗaya.

Dalilin da ya sa aka raba su tun farko

Rabuwar nan tsohuwa ce. Kwamfutar IBM ta 1981 ta zo da katin launi mai ƙwaƙwalwarsa ta kilobait 16, tsarin VGA na 1987 kuma ya kai ta 256. Hujjar masu ƙira ita ce allo ba ya jira. Idan mai karatu ya ɗauki allon da aka saba gani yau, mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, zai sami ɗigo miliyan 2 da 'yan kai, kowane ɗigo yana cin bait 4, jimla wajen megabait 8 ke nan a hoto guda. Da yake kuma ana sabunta hoton sau 60 a sakan, sai an karanta kusan megabait 500 kowane sakan don kawai allon ya tsaya a kunne, tun ba a zo ga zane mai motsi ba, inda kowane ɗigo yakan bukaci a karanto wasu bayanai da yawa kafin a yanke launinsa.

Ɗabi'ar masarrafan biyu ma ta sha bamban. Furosesa tana da ma'aikata kaɗan, huɗu ko takwas, masu kaifin basira, abin da take so shi ne in ta nemi abu ya zo mata nan take. Masarrafin hoto kuwa yana da ƙananan ma'aikata ɗaruruwa ko dubbai (katin GTX 1650 yana da 896, RTX 3060 yana da 3584), ba ya damuwa ƙwarai da ɗan jinkirin isowar kaya, domin kafin na wannan ya iso ya juya ga aikin wancan, amma lalle ne kayan su riƙa kwararowa da yawa ba yankewa. Saboda haka aka ƙera masa ƙwaƙwalwa ta musamman, jinsin GDDR, aka lika ta da dalma kewaye da shi, tazarar 'yan santimita, aka shimfiɗa wayoyi masu yawa a tsakaninsu. Wannan kusanci ne ya ba ta sauri, shi ne kuma ya sa ba a iya cire ta a ƙara wata kamar yadda ake ƙara ram.

Yadda masarrafin hoto yake kaiwa ga kowacce

A nan ne ya kamata a dakata a yi nazari, domin duk ruɗanin daga nan ya taso. Mu fara da kati mai zaman kansa. Idan mai tace bidiyo ya buɗe aikinsa, da farko ana ɗauko bayanan daga ma'adana a zuba su a ƙwaƙwalwar gama-gari. Daga nan ana kwashe abin da katin zai bukata a haye da shi ta wata hanya mai suna PCI Express zuwa ƙwaƙwalwar hoto, kuma ba furosesa ce take dakon da kanta ba, katin yana da injinan kwafi nasa, waɗanda in an gaya masu inda kaya suke da inda za a kai su, sai su kwashe, furosesa ta ci gaba da wani aikin. Da zarar kayan sun sauka a ƙwaƙwalwar hoto, katin yana iya karanta su sau dubbai ba tare da ya sake bi ta waccan hanya ba.

To ga lissafin da ke bayyana hikimar wannan tsari. Hanyar PCI Express zubi na 3, in ta cika layi 16, tana ɗaukar wajen gigabait 16 a sakan, zubi na 4 kuma wajen 32. Amma GTX 1650 na farko, wanda ya fito a 2019, yana karanta ƙwaƙwalwarsa da gigabait 128 a sakan, RTX 3060 da 360, RTX 4090 kuwa ya haura 1000. Ashe ko ƙaramin kati, abin da ke cikin gidansa ya fi masa saurin samu ninki takwas bisa abin da zai ƙetare hanya ya ɗauko. Misalin abin kamar rumbun gayauna ne da rumbun gandu: na gayauna ƙarami ne, amma yana ƙofar ɗakin mai shi, yana ɗiba lokacin da ya so, na gandu babba ne, sai dai na kowa ne, da izinin maigida ake buɗe shi, ƙofarsa ɗaya, kuma sai an bi layi.

Duk da haka katin yana iya karanta ƙwaƙwalwar gama-gari kai tsaye in bukata ta kama. Tsarin aiki, kamar Windows, yakan keɓe wasu shafuka na ram ya kafe su don kada a gusar da su, ya rubuta adireshinsu a wani jadawali, katin kuma ya riƙa duba jadawalin yana ganin shafukan da ke warwatse tamkar fili ɗaya ne a jere. Wannan dabara ta yi suna tun zamanin hanyar AGP, wadda ta bayyana a 1997. Kamfanin Intel ya dogara da ita ƙwarai a katinsa i740 na 1998, yana ganin ba sai an tara ƙwaƙwalwa mai tsada a jikin kati ba, tun da ana iya ɗebowa daga ta gama-gari. Katin bai yi kasuwa ba, domin na abokan gasa masu ajiye kayansu kusa sun fi shi sauri.

A yau amfanin wannan hanya shi ne ta zama mafaka ranar da ƙwaƙwalwar hoto ta cika. Maimakon manhaja ta rufe, sai Windows ya kwashe abin da aka daɗe ba a taɓa ba ya mayar da shi ram, in an sake bukatarsa a dawo da shi. Wanda ya taɓa zama gaban irin wannan na'ura ya san alamar: bidiyon yana tafiya lafiya lau, da an ɗora rubutu da gyaran launi a kan hoto mai nauyi sai ya fara tsalle-tsalle, murya ta wuce baki, fanka ta ɗau kuka, kibiyar linzami ta tsaya cik na ɗan lokaci sa'an nan ta zabura. Ba lalacewa ba ce, kai-da-kawowar kaya ce a ƙuntatacciyar hanya.

Akwai kuma juyin al'amarin, wato yadda furosesa take leƙa ƙwaƙwalwar kati. Shekaru da yawa ta wata taga ce mai faɗin megabait 256 kawai take iya gani, ko da katin yana da gigabait 8. A 2020 kamfanin AMD ya fara buɗe tagar gaba ɗaya da sunan Smart Access Memory, Nvidia ya bi sahu a 2021. Ribar da ake samu takan zama 'yar kaɗan, kuma tsofaffin na'urorin da suka fi yawa a kasuwanninmu ba su da wannan damar.

Girafik na cikin furosesa kuwa, wanda Intel da AMD suka shigar da shi jikin furosesa sosai tun 2011, shari'arsa daban ce, domin ba shi da ƙwaƙwalwar kansa ko kaɗan. Ba ya ƙetare PCI Express, ba ya bukatar a yi masa kwafi, yana shiga ram ta ƙofar da furosesa take shiga, wannan kuwa falala ce. Illarsa ita ce ƙofar ba ta da faɗi. Sandar ram guda ta jinsin DDR4 mai gudun 2400 tana ba da gigabait 19 da ɗigo 2 a sakan, kuma wannan ɗin ne furosesa da girafik za su raba.

Inda lambar mai shago ta fito

Windows yana halatta wa masarrafin hoto ya ari har rabin ram ɗin da ke cikin na'ura in ya matsu, kuma yakan tara wannan da abin da masarrafin ya mallaka ya nuna jimla guda. Laftof mai ram gigabait 8 da girafik na Intel na ciki za ta nuna keɓaɓɓiyar ƙwaƙwalwa megabait 128 ko makamancin haka, wadda ita ma daga ram aka yanko ta, da ta aro kusan gigabait 4, jimla wajen 4. Wannan ce "giga huɗu" da ake faɗa. Wata mai kati na gigabait 2 da ram 16 za ta nuna jimla wajen 10. Lambar ba ƙarya ba ce, amma ta gama abubuwa biyu da ba jinsi ɗaya ba, ɗaya mallaka, ɗaya kuma iyakar bashin da aka yarda a bayar.

Adalci ne a faɗa cewa ba 'yan kasuwarmu suka ƙago wannan salon lissafi ba. A ƙarshen 2004 Nvidia ya fitar da katuna masu tsarin TurboCache, kamfanin ATI kuma ya kawo HyperMemory, inda kwali kan ɗauki babbar lamba alhali abin da ke jikin katin kaɗan ne, sauran aro ne daga ram. A 2015 aka gano cewa cikin gigabait 4 na katin GTX 970, uku da rabi ne masu cikakken sauri, rabin da ya rage yana tafiyar hawainiya. Maganar ta kai kotu a Amurka, a 2016 kamfanin Nvidia, mai katin, ya yarda ya biya kowane mai saye dala 30. Katin GT 1030 kuma ya zo iri biyu da suna ɗaya da gigabait 2 iri ɗaya, na GDDR5 mai gigabait 48 a sakan, da na DDR4 wanda bai kai 17 ba. Ko wayoyin da ke aljihun mutane, masu rubutun 8+8 a kwali, takwas ɗin na biyu daga ma'adana ake aro shi, wadda ba ta kusanci ram a sauri ba.

Daga wannan ruɗani ne kuma wata bidi'a ta yaɗu, ta masu koyar da "ƙara girafik" ta hanyar sauya wata lamba a rajistar Windows. Abin da ke sauyawa shi ne adadin da na'ura take faɗa, wanda a wasu lokuta yakan sa wasan da ya ƙi buɗewa ya buɗe, amma faɗin hanya yana nan yadda yake.

Saɓanin ma'abota sani

Wani ɓangare na masana yana ganin cewa duk aikin hoto mai nauyi ba ya yiwuwa sai da kati mai ƙwaƙwalwar kansa, hujjarsu kuwa alƙaluman da suka gabata. Suna ƙara da cewa manyan katunan da ake horar da basirar na'ura da su, irin H100 na 2022 mai gigabait 80 da gudun da ya haura gigabait 3000 a sakan a babban samfurinsa, sun ƙara matso da ƙwaƙwalwa kusa da masarrafi ne, ba su nisanta ta ba.

Ɗaya ɓangaren yana cewa rabuwar ita kanta asara ce, tun da takan sa a ajiye abu ɗaya a wuri biyu, a kuma ɓata wuta da lokaci wajen kwafi. Suna kafa hujja da wayoyin hannu, waɗanda duka ƙwaƙwalwa ɗaya gare su, da na'urar PlayStation da samari ke buga ƙwallo da ita a shaguna, inda ta 4 ta zo a 2013 da gigabait 8 na tarayya, ta 5 kuma a 2020 da 16, da kuma kwamfutocin Apple tun daga M1 na 2020.

Abin da ya fi rinjaye a ganin mai wannan sharhi shi ne ɓangarorin biyu ba su yi saɓani a kan asali ba. PlayStation 5 tarayya take yi, amma a kan GDDR6 mai gigabait 448 a sakan. M1 Max na Apple yana da 400. Tsohuwar laftof mai sandar ram ɗaya ita ma tarayya take yi, a kan 19. Ashe aibin ba ya ga tarayya, yana ga ƙuncin hanya, wanda kuma ya kafa hujja da Apple don ya yabi girafik ɗin tsohuwar laftof ya yi ƙiyasi da bambanci.

Abin da wannan ke nufi ga yammacin Zamfara

Bai kamata a fahimci cewa kowa sai ya nemi kati ba. A ƙasar da wutar gwamnati ba abin dogaro ba ce, inda shago yake rayuwa bisa janareta ko sola da batir, kowane wat kuɗi ne. Furosesar ƙaramar laftof tare da girafik ɗinta takan tsaya wajen wat 15, GTX 1650 na kwamfutar tebur shi kaɗai yana cin 75, RTX 3060 kuma 170. Ga zafin bazara da yakan haura digiri 40, ga ƙurar hunturu mai toshe fanka, su kuwa katuna, musamman na laftof ɗin da ta riga ta sha aiki a wata ƙasa, zafi ne babban abokin gabarsu, gyaransu kuma yakan kai mutum har Kano. Mai cike fom, da mai buga takardu, da cibiyar koyon jarrabawa, da ma mai tsara kati da CorelDRAW, wanda nauyinsa ya fi sauka a kan furosesa da ram, girafik na ciki ya wadace su. Hatta tace bidiyo madaidaici yana yiwuwa da shi, domin tun 2011 Intel ya sanya masa sashe na musamman mai suna Quick Sync don matse bidiyo da warware shi.

Ga irin waɗannan, gyara mafi araha shi ne a duba ko na'urar tana da gurbin ram na biyu, a sa masa sanda irin ta farko. Sanduna biyu na gigabait 4 sun fi ɗaya ta 8 amfani ga girafik na ciki, domin hanyar takan ninka, daga 19 zuwa 38.

Amma ɗalibin zanen gini ko injiniya, kamar na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a Talata Mafara, wanda zai juya gini mai fuska uku a allo, da mai tace bidiyo na 4K, wanda kowane hotonsa ya ninka na allon da aka ambata sau huɗu, waɗannan kam bukatarsu ga ƙwaƙwalwar hoto ta haƙiƙa ce. Kada kuma a ce ai ana iya tura aiki mai nauyi ta intanet a yi shi a wata babbar na'ura, domin mutanen jihar nan sun ga yadda aka rufe layukan sadarwa a watan Satumba na 2021, garuruwa da yawa suka yi makonni ba waya ba intanet, ba abin da ya yi aiki sai na'urar da ke gaban mutum.

Ta fuskar ciniki kuma, malaman Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, sun hana algus da ɓoye aibin haja. Mai shagon da bai san bambancin ba uzurinsa jahilci ne, amma wanda ya sani, ya kuma ambaci jimla don a zaci mallaka ce, ya shiga wani hali da ya kamata ya tambayi malamai hukuncinsa.

Mai niyyar saye, kafin ya miƙa kuɗi, ya danna maɓallan Ctrl da Shift da Esc tare, ya shiga sashen Performance, ya zaɓi GPU. Zai ga layi mai kalmar Dedicated, wannan ita ce keɓaɓɓiyar ƙwaƙwalwar hoto, da layi mai kalmar Shared, wannan ita ce ta aro. Ya rubuta cikakken sunan girafik ɗin da ke sama, ya tambayi sanduna nawa ne na ram a ciki, sa'an nan ya sa a buɗe irin aikin da zai yi da ita a gabansa. A kan lambar farko ake yin ciniki.